Jan Tsumma a Gonar Maiwada

Ƙanena Maiwada mutum ne da in abu ya shige masa duhu ba ya tambaya, sai dai ya yi fushi. Tun yana yaro haka yake, kuma ni Biba da na goye shi na fi kowa sani. Furfura ta fito masa, halin bai gusa ba. A duniya mutum ɗaya ce ta iya da shi, matarsa Zara'u, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa, ta bar mana shi da halinsa da jakinsa da gonarsa.

Gonar tana bakin Garin Auta, garin haihuwarmu, daidai inda hanyar amalanke da ta taso daga Tasawa take yin kwana ta nufi garin Sarkin Hausa. Lokacin da ya gaje ta rairayi ne zalla, ko inuwar da za a ajiye goran ruwa babu. A shekarun da mutanen garin suka daina share komai in sun zo sassabe, suka yarda kowa ya riƙa barin 'yan itatuwan da suka tsiro a gonarsa, sai aka sa doka mai sauƙi. Icen da kake so ya rayu, ka ɗaura masa tsumma. Mai neman makamashi ya gani ya wuce, makiyayi ya gani ya kau da addarsa. Ranar da ka kwance tsummanka kuwa, ka saki icen ke nan, duk mai bukata ya sara ba sai ya nemi izininka ba. Kowane gida da kalar tsummansa, kuma ko yaro ya san na wane da na wane.

Zara'u ja ta ɗauka. Wani jan zane gare ta da take ji da shi, ta sa hannu ta keta gefensa, ta bi 'yan gawon da suka tsiro a turbar da take bi in za ta kai wa mijinta fura, tana ɗaura musu. Shi ya sa gawonta suka tashi a jere, tun daga kwanar hanya har tsakiyar gona. A lokacin Maiwada dariya ya yi mata, wai ta lalata zane saboda ƙaya. Da ta rasu sai ya zama bawan ƙayar nan. Duk shekara in rana ta cinye tsumman, ya buɗe akwatinta ya keto sabo daga abin da ya rage na zanen. Gawon sun fi shi tsawo, wasu sun kai kaurin taɓarya, geron da ke gindinsu ya fi na ko'ina a gonar. Ba su samu haihuwa ba shi da Zara'u. In ka ga Maiwada yana magana a hankali, to da gawon nan yake yi.

Bana, bayan an gama kai hatsi rumbu, ya je gona da safe ya tarar da abin da ya juya masa kai. A jikin tsohuwar aduwar da ke kan kwana, da wasu itatuwansa na bakin hanya, an ɗaura jan tsumma, kuma ba nasa ba ne. Wani abu ne mai santsi kamar leda, yana walƙiya, da rubutun boko a jiki. A Garin Auta kuwa tsumma a jikin ice magana ɗaya yake yi: wannan nawa ne.

Bai tambayi kowa ba. Ya kwashi ƙafa sai gidan Sha'aibu, amininsa tun suna kiwon awaki, wanda gonarsa ta haɗa iyaka da tasa.

"Sha'aibu, ashe haka munka yi da kai?"

"Ina kwana dai tukuna. Mi ya hwaru?"

"Kai ka sani. Ja na Zara'u na, gari duk ya sani. Ɗanka ya komo daga Agadas da leda mai walƙiya, shi na za ka bi iccena kana ɗaurawa?"

Sha'aibu ya saki baki. Shi ma da asubar nan ya ga irin tsumman a jikin kalgonsa, har ya ce a ransa ko Maiwada ne ya fara ruɗewa. Da ya haɗa maganar biyu sai dariya ta ƙwace masa. Ga mai hankali dariyar nan ta isa amsa. Ga ƙanena kuwa sheda ce. Ya juya ya tafi, ya ce daga yau ko a masallaci kada kafaɗarsu ta haɗu.

Kafin azahar garin duka ya rikice, don an bi hanya an ga jajayen ledar nan ba su da iyaka, gabas da yamma. Wasu suka ce gwamnati ce za ta faɗaɗa burtali saboda makiyayan da ke gangarowa daga Issawane. Wasu suka ce wutar lantarki ce za a jawo. Wani da ya je cin kasuwa ya dawo da labarin cewa wani alhaji ne a Maraɗi ya saye itatuwan bakin hanya kaf, zai yi gawayi. Tsofaffi suka fara zancen zuwa wajen hakimi. Mata kuwa ba su jira an gane ba, har sun ciro wasu sun ɗaure bakin buhu, suka ce igiyar tana da ƙwari.

Sai da mai gari ya dawo daga Tasawa sannan aka ji wai tseren motoci ne za a yi, ledar kuma alamar hanya ce, kada wanda ya sake taɓawa. Wannan bayani bai kwantar wa kowa da hankali ba. Motar da aka sani ita ce ta ranar kasuwa, wadda ake sauka a tura. Wa zai yi tsere a hanyar da jaki ma sai an lallashe shi? Maiwada ya ji labarin, ya gane cewa ba Sha'aibu ba ne, amma da yake ya riga ya yi fushin, bai ga yadda zai mayar da shi ba. Ya ci gaba da riƙonsa.

Ana gobe tsere, mai gari ya sa aka yi shela kowane magidanci ya zo ƙofar gidansa bayan la'asar. Maiwada ya san Sha'aibu zai je, saboda haka ya ɗauki hularsa ya tafi gona. Yana can wata farar mota ta tsaya a kan kwana. Wani mutumin Tasawa ya fito, Nuraddeen, wanda masu shirya tseren suka ɗauka ya duba musu hanyar yankinmu. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya dubi ledarsu da ta yi hagu, ya dubi jajayen tsumman Zara'u da suka miƙe sambal cikin gona, ya dafe kai.

"Baba, sannu da aiki. Wanga tsumma naka na?"

"Na matata na."

"Bon. Akwai matsala, Baba, babba."

Ya zauna a gindin aduwa ya yi wa Maiwada bayani, kuma a gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya ce tseren ba na rana ɗaya ba ne, tun farkon shekara ake yin sa, ƙasa bayan ƙasa, kowace da nata zango, ana tara wa direbobi maki. Ya ce yanzu mutum biyu ne suke kunnen doki, wani daga Kodebuwa, wani daga Kenya, kuma zangon gobe ne zai raba su.

"Tun daga can sunka taho da gudu?" in ji Maiwada. "Ba su gaji ba?"

"A'a, Baba. Ɗauko matocin aka yi cikin manyan matoci, a sauke su nan."

"Mato cikin mato. To ina tseren?"

Nuraddeen ya bar wannan ya koma kan abin da ya kawo shi. Ya ce mutumin da ke gudu irin wanda za a yi gobe ba ya bambanta zane da leda. In ya iso kwana ya hango ja a gabansa a jere, gaba zai miƙe. In na farko ya shiga gonar, na bayansa sawun tayarsa za su bi, kafin a ankara an yi wa gawon nan fata-fata.

"To ku kwance naku."

"Impossible, Baba, hanya an riga an rattaba ta. Kai dai kwance naka, wuni guda tak. Gobe da la'asar ka maida abinka. Kuma duk wata dabba da kake da ita, ka kai ta nesa da hanya."

Maiwada ya buɗe baki zai ce wani abu game da abin da kwance tsumma yake nufi a garinmu. Wayar Nuraddeen ta yi ƙara, ya ɗaga hannu alamar a dakata, ya shiga zuba Faransanci, ya faɗa mota yana yi, motar ta tashi. Ƙanena ya tsaya da sauran maganarsa a baki. Ya yi ta juya abin a ransa har magariba. In ya bar tsumman mota ta kashe itatuwan. In ya kwance, ai wuni guda ne, kuma ranar kowa hankalinsa na kan motoci, wa zai ɗauki gatari? Da asuba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance, ya cusa a aljihu. Ya ce mini tun da Zara'u ta ɗaura na farko bai taɓa ganin gawon nan tsirara ba.

Ni ina aure a wani ɗan ƙauye arewa da hanya, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Hantsi bai yi ba na gan shi a ƙofar gidana, yana jan jaki, awaki biyu a bayansa, baki a ture. Ban tambaye shi komai ba. Na ba shi ruwa na koma kan dakana, don na san in ya gaji da kumburi zai yi magana. Da shirun ya yi yawa sai na fara ba shi labarin da na jiyo a bakin rijiya, don in tsokane shi.

"An ce jiya anka yi taro garinku, ba a gan ka ba. Ko har yanzu kuna gaba da kishiyar taka Sha'aibu?"

Ya harare ni.

"To ka yi asarar kallo. Jandarmomi sunka ce ma mai gari, kwanar nan ta bakin gonarka nan aka jin tsoro. Sun ce a yi shingen ƙaya a tsare ɗiya nesa da hanya, in mato ta taɓa ko guda, shi za a kama. Mai gari ya ce wa za ya ba da ƙaya? An ce kowa ya sadda kai, anka watse ba wanda ya ce uffan. Mutanen garinmu da rowar icce!"

"Su ta shahwa," in ji shi. "Ni nawa ya ishe ni. Dubi abin da anka sa ni yi yau."

Ya zura hannu a aljihu ya zaro dunƙulen jajayen tsumma ya ajiye a kan tabarma.

Na tsaya da taɓarya a sama. Na dubi tsumman, na dube shi. Ya soma ba ni labarin Nuraddeen da mota cikin mota, ni kuwa ba na jin sa.

"Maiwada, wa ka gaya ma ka kwance?"

"Wa gare ni da zan gaya ma?"

"Jiya mai gari ya roƙi ƙaya. Yau gari ya waye, an ga gawonka ba tsumma."

Na ga maganar tana shigarsa a hankali, daga ido har zuwa kafaɗu. Ya wawuri tsumman ya miƙe, ya taka kwanon ruwan bai sani ba. Ya yi kan jaki, jakin da ya ji ƙugin injina daga nesa ya kafe ƙafafu ya ce ko alama. Muka bar shi a nan. Ni da ciwon gwiwata na ɗaure zane na bi bayan ƙanena, ina kiran ya jira ni yana ƙara sauri.

Kafin mu kai hanya an fara. Mun ji ƙarar tun ba mu ga komai ba, wata irin ƙara mai fashe-fashe da ke shiga mutum ta ciki. Muna isa wani jandarma ya tare mu da hannu biyu, ya ce babu mai tsallakawa. Gonar Maiwada tana ƙetaren hanya, can gaba. Ya yi roƙo, ya yi fushi, ya ce itatuwansa ne. Jandarman ya ce ko itatuwan gwamna ne.

Sai ga mota ɗaya shuɗiya, jikinta duk rubutu, ta zo ta wuce kafin in gama salati. Ƙasa ta rufe mu. Muka zuba ido mu ga masu bin ta, babu kowa. Hanya fayau. Mutane suka dubi juna.

"Shi ke nan? Ya ci?" in ji wani tsoho da ke kusa da ni.

"Sauran sun ɓace hanya," in ji wani.

Can da jimawa sai ga wata fara, ita ma ita kaɗai. Tsohon ya ce wannan kam an bar shi a baya, ya haƙura kawai. Wani ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya ce ba haka ba ne, ɗaya-ɗaya ake sakin su, da agogo suke tsere. Tsohon ya ce to agogon a wace mota yake? Aka kaure da gardama. A wata rana da ni ce kan gaba a gardamar nan, amma ranar ina kallon ƙeyar ƙanena, wanda ya bi gefen hanya ta ɓangarenmu yana kutsawa cikin mutane, yana ture masu tallan gyaɗa. Na bi shi, ina ba mutane haƙuri a madadinsa.

Da muka zo daura da kwana sai ya tsaya cak.

A ƙetare, 'yan taku kaɗan cikin gonarsa, an ja shinge dogo, mai kauri, an yi shi da kyau. Kore ne shar. Kowa ya san a rani gawo ne kaɗai ke da ganye irin wannan. A bayan shingen yaran garin ne cunkus, har da na ƙauyukan kewaye, suna tsalle suna ihu. Bayan yaran kuwa sai fili. Ana hango rairayi har ƙarshen gona, yadda take ranar da ya gaje ta.

Ban san me na yi zaton zai yi ba. Na riƙe hannun rigarsa don kada ya faɗa gaban mota. Bai motsa ba.

Wani a ƙetare ya hango shi ya ɗaga murya. "Ga Maiwada can!" Nan take wurin ya ɗauka. Maza suna ɗaga masa hannu, mata suka rangaɗa guɗa. Mutanen da ke ɓangarenmu, waɗanda ba su san shi ba, suka juyo suna tambaya ko shi ne mai motocin. Wata ta ce a'a, uban direban ne. Wani ya kama hannunsa ya girgiza don kada a bar shi a baya.

Ana cikin haka wata jar mota ta taso. Tun daga nesa na ga gudunta ya fi na sauran. Ta iso kwana ta juya kanta hagu, amma gindinta ya ƙi, ya kwashe ta gaba ɗaya ya watsa cikin gonar. Ta share filin da ke tsakanin hanya da shinge a karkace, ta tsaya daf da ƙayar, ta watsa wa yaran ƙasa. Direban ya murza ta ya koma hanya ya ɓace. Nan take kowace uwa ta fara kiran sunan ɗanta. Babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Wata mata a gefena ta zube ƙasa tana kuka, ta ce da safe a daidai wurin nan 'ya'yanta suke zaune, sai da aka ja shinge aka kore su baya.

Na dubi Maiwada. Shi ma wurin yake kallo, inda tayar ta huɗe ƙasa. Ni kaina a lokacin ban san abin da zan ji ba. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a baki, kuma ina gode wa Allah, duka a numfashi ɗaya.

Sai bayan azahar motar ƙarshe ta wuce aka buɗe hanya. Babu wanda ya san wanda ya ci. Wasu suka ce shuɗiyar, tunda ita ta fara wucewa. Wasu suka ce sai an kai Mayahi an yi lissafi. Da muka tsallaka, jama'a suka yanyame ƙanena. Mai gari ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana cewa jiya ya kwana da baƙin cikin garinsa, yau ya tashi da alfahari. Sai ga Sha'aibu ya ratso mutane, hannayensa duk sukar ƙaya, fuskarsa cike da murna. Ya rungume shi.

"Na san halinka," in ji Sha'aibu. "Na ce masu Maiwada ba ya magana gaban mutane, amma ku jira. Da asuba na hito na ga ka kwance, wallahi sai da na yi hawaye. Na ce gawon Zara'u! Na ce ba mai taɓa su sai ni, kar wani ya yi masu saran banza. Da hannuna na sare su."

Maiwada ya dube shi. Na ga fushin ya taso, irin wanda na sani tun yana goye, ya zo har maƙogwaro. Ya dubi hannayen Sha'aibu. Ya dubi matar nan da ke tahowa da yaranta biyu za ta yi masa godiya. Fushin ya rasa inda zai sauka. Ya bar ta ta yi godiyarta, har ya ce mata ba komai.

Farar motar Nuraddeen ta tsaya a kan kwana, ana kwance jajayen ledar ana zubawa a bayanta. Ya leƙo ta taga ya hango ƙanena ya ɗaga masa babban yatsa.

"Baba! Ka gani? Ba wanda ya miƙe cikin gonarka, sai wancan da ya zame. Parfait! Yanzu kana iya maida tsummanka."

Motar ta wuce. Sha'aibu ya bi ta da kallo, ya juyo.

"Maida mi?"

Mutane sun fara watsewa, kowa yana ba na kusa da shi labarin jar mota kamar ba tare suka gani ba. Maiwada ya zagaya ta ƙarshen shingen ya shiga gonarsa. Na bi shi. Sha'aibu ya biyo mu daga nesa-nesa.

Ya durƙusa a kan kututturen farko. Sha'aibu gwani ne a sara, ya yanke shi daidai da ƙasa, sumul. Maiwada ya zaro tsumma ɗaya ya zagaya shi, ya ja zai ƙulla, ya sulluɓe. Ya tone ƙasar gindin da yatsu ya sake gwadawa, ya sake sulluɓewa. Babu wurin ɗauri.

Sha'aibu ya iso ya tsaya a kansa. Ya ga tsumman, ya ga aljihun da ke cike da sauran. Murnar ta bar fuskarsa.

"Maiwada. Ba sakinsu ka yi ba?"

Ƙanena bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza tsumman a hannu. Sannan ya juyo wajena, idonsa jawur, ya yi abin da ban taɓa jin ya yi ba tun da aka haife shi. Ya yi tambaya, ba ta gatse ba.

"Yaya, wa ya yi mani wanga abu?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, na nemi suna ɗaya da zan ba shi na rasa. Tausayinsa ya kama ni, na zauna a kan rairayin.

Sha'aibu bai ce a yafe masa ba. Ya sunkuya ya tsinci karan gero, ya karya shi, ya fiƙe bakinsa da haƙori, ya miƙa. Maiwada ya dubi karan kamar bai san mene ne ba. Can ya karɓa. Ya shimfiɗa tsumman a kan kututturen, ya soke gefensa da karan cikin ƙasa don kada iska ta ɗauke. Ya miƙe ya matsa na gaba. Sha'aibu ya karya wani karan.

Haka suka yi ta yi, ɗaya yana miƙawa ɗaya yana sokewa, ni ina biye ina nuna musu kututturen da ƙasa ta rufe. Rana ta yi sanyi kafin mu kai na ƙarshe. Da na waiga, jan ya kwanta a ƙasa a jere, tun daga kwanar hanya har tsakiyar gona, inda Zara'u take sauke ƙwaryar fura. Maiwada ya zauna a wurin, a cikin rana, don babu inuwa.